Hawa 16 a Waya, Hawa 7 a Ƙasa: Nazarin Wani Ginin Ofisoshi a Birnin Kebbi

A waya aka fara nuna mana ginin. Dogon bene ne siriri, shuɗin gilashi tun daga ƙasa har ƙololuwa, ga itatuwan dabino jere a gindinsa. Mai wayar dattijo ne ɗan kasuwa da ya daɗe yana harkar hatsi da taki da motocin dakon kaya, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, kasuwa ta ƙara buɗe masa. Alhaji kawai zan riƙa ce masa, sauran ma'aikatan ma ba zan kama sunan kowa ba. Ni ne injiniyan da aka ɗora wa lissafin ƙarfin ginin. Tare da ni akwai mai zanen gini, wata baiwar Allah da ta yi karatu a Zariya, da mai ƙiyasin kuɗin aiki, da injiniyan wuta da ruwa.

Filin yana bakin babban titi, fuskarsa na kallon yamma, bayansa kuma gidajen jama'a ne. Abin da Alhaji ya nema a bayyane yake: hawa 16, gilashi ta kowace fuska, bankuna a ƙasa, ofisoshin haya a tsakiya, nasa ofishin a can sama inda zai riƙa hango fadama.

"Injiniya," in ji shi, "abin da anka yi Dubai, mi za ya hana a yi shi nan? Kuɗɗi ne, kuma Allah ya hore."

Ban ga abin dariya a wannan buri ba, har gobe. Ginin Cocoa House na Ibadan, mai hawa 26, da kuɗin koko aka kammala shi a 1965. In koko ya tsayar da dogon bene, me zai hana shinkafa? Kuma jihar da aka ƙirƙiro tun 27 ga Agusta 1991 ta isa a ce babban birninta yana da ofisoshin haya na kirki. Yawancin kamfanoni da ƙungiyoyin da ke zuwa garin gidan zama suke kamawa, su mai da falo wurin karɓar baƙi, ɗakin kwana ya koma ofishin akanta. Buƙata kam akwai ta. Aikinmu shi ne mu gano siffar da za ta biya buƙatar ba tare da ta karya mai ginin ba.

Abin da ƙasa ta ce

Kafin a ja layi ko ɗaya muka nemi a yi gwajin ƙasa. Alhaji ya ɗan yi ƙorafi, wai ya gina shaguna da sito da gidaje ba adadi bai taɓa biyan wani ya huda masa ƙasa ba. Gaskiyarsa ce, gini mai hawa ɗaya ko biyu yakan yafe kuskure. Sai na mayar masa da lissafin harshen da ya sani. Benen da yake so, faɗinsa mita 24, tsawonsa mita 24. Ginin kankare da rodi, in an haɗa bango da tayil da mutane da kayansu, kowace murabba'in mita ta kowane hawa takan kai tan ɗaya da 'yan kai. In aka tara hawa 16, nauyin zai doshi tan 12,000. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka. Wato tirela 400 ke nan za a jibge a kan ɗan filin da bai kai kwatar filin ƙwallo ba. Ya yi shiru, sannan ya ce a kira masu hudar.

Birnin Kebbi ba kamar Gusau ba ce, inda dutse ke kusa, har ga shi ya fito fili a Kwatarkwashi. Mu muna cikin kwarin Sakkwato ne, ƙasar da yashi da yumɓu suka kwanta hawa-hawa tun zamanin da. A filin Alhaji an fara tarar da jar ƙasa mai marmara, mai ƙarfi, irin wadda ke ruɗar magini ya ce ya samu wurin zama. Ƙarƙashinta sai yashi, sannan wani kauri na yumɓu. Yumɓu ba ya nuna halinsa rana ɗaya. Nauyi yakan matse ruwan da ke cikinsa a hankali, gini ya yi ta sauka shekara da shekaru, kuma in gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, sai tsaga ta bayyana, ƙofofi su daina rufuwa, lifta ta fara gogar bango.

Hawa 16 a kan wannan ƙasa sai da turakun kankare, wato a haƙa ramuka masu zurfi da inji, a zura rodi, a cika da kankare, har su wuce yumɓun su tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi. Injin da ma'aikatansa daga nesa za a ɗauko su. Mai ƙiyasi ya nuna cewa kafin ginin ya leƙo sama da ƙasa, an binne kuɗin da zai iya tayar da hawa biyu ko uku. Ga kuma tsakuwar dutse, wadda ita ma baƙuwa ce a nan, sai an yi dakonta daga yankunan da ke da duwatsu. Siminti ne kawai muke da sauƙinsa, tunda masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato ba ta wuce tafiyar kilomita 150 da wani abu ba.

Harajin tsawo

Wannan duk bai karya wa Alhaji gwiwa ba. Kuɗin gini sau ɗaya ake biya, in ji shi. A nan ne muka shiga ainihin maganar, kuma mun fi wata biyu muna kai da kawowa a kanta.

Akwai wani injiniya Musulmi ɗan asalin Dhaka, Fazlur Rahman Khan, wanda ya yi lissafin ginin Sears Tower na Chicago mai tsawon mita 442, shi ne kuma ya yi aikin rumfunan saukar alhazai na filin jirgin Jidda, waɗanda Alhaji kansa ya sha zama a ƙarƙashinsu. A Jiddan ma ya rasu a 1982. Khan ya yi bayanin cewa tsawo yana da haraji: in gini ya yi sama, kuɗin kowace murabba'in mita yana ƙaruwa, domin ban da ɗaukar nauyin kansa, sai ya yi kokawa da iska. Ƙarfin turin iska kuwa ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke kwashe kwanon makarantu a yankinmu ya san ba da wasa take zuwa ba, kuma a mita 60 sama ta fi ƙarfin yadda take a ƙasa.

Haraji na biyu shi ne cibiyar gini. Dogon bene dole ya ware tsakiyarsa ga lifta, matakala biyu, banɗakuna, da hanyoyin bututu da wayoyi. A zanen hawa 16 sai da muka sa lifta huɗu, cibiyar ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kowane hawa. Wannan wuri an kashe kuɗi an gina shi, ana share shi, ana haska shi, amma ba a karɓar hayarsa. A Legas ko Dubai ana jure wannan asara saboda fili ya yi tsadar da sai an hau sama ake mai da kuɗi. A Birnin Kebbi fili bai kai nan ba, kuma na Alhaji yana da yalwa.

Sai rana. Mai zanenmu ta zo da wani zane na tafiyar rana a kan garin, wanda ni kaina na ƙaru da shi. Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya. Sau biyu a shekara rana ke tsayawa a tsakar ka da azahar, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, tsakaninsu kuma tana karkata ta arewa. Ma'ana bangon arewa ma, wanda littattafan Turai ke cewa ba ya ganin rana, a nan yana shan rabonsa. Amma bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa, domin rana daga sama take dukansu, ɗan baranda ko rumfar kankare a kan taga ya wadatar. Gabas da yamma su ne matsala, musamman yamma, inda rana ke shigowa a kwance daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, lokacin da gari ya riga ya gasu. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Gilashi yana barin zafin rana ya shiga, ya hana shi fita. Duk wanda ya taɓa barin motarsa a rana ya dawo ya kama sitiyari ya san sauran bayanin.

Abin da zai fitar da wannan zafi esi ne, esi kuma wuta yake ci. Ginin gilashi mai hawa 16 ba a buɗe tagoginsa, saboda haka ranar da babu wuta ba ya zaunuwa ko na awa ɗaya. Dole a yi tanadin janareto kamar babu wutar gwamnati kwata-kwata, kuma janareto yakan sha kusan lita ɗaya ta gas kafin ya ba da yunit uku zuwa huɗu na wuta. Sola ba za ta cece shi ba, don rufin siririn bene ɗan mitsitsi ne in aka gwada da yawan hawan da ke ƙarƙashinsa. Ruwa ma haka: kowace mita goma ta tsawo tana ƙara wa famfo aiki, har sai an raba bututun gida-gida don kada matsin ruwa ya farfasa kan famfunan hawan ƙasa.

Injiniyan wuta ya tara duk wannan, ya raba shi a kan murabba'in mitar da za a bayar haya. Kuɗin hidima kaɗai, ban da hayar, ya zarce abin da masu haya a garin suka saba biya gaba ɗaya. Alhaji mutum ne mai lissafi. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, "Wato ni za ni gina shi, kuma ni za ni riƙa ciyar da shi kamar doki."

Maganar gobara ita ce ba mu yi sassauci a kanta ba. Tsanin motar 'yan kwana-kwana da aka fi samu ko'ina yakan kai mita 30 ne ko kusa da haka. Abin da ya wuce nan, gini ne zai kare kansa da kansa: tankin ruwa na musamman, famfo mai injinsa daban, bututun yayyafi a kowane ɗaki, matakala da ake hura wa iska don hayaƙi kada ya shiga. Duk waɗannan suna aiki ne in ana gwada su a kai a kai, shekara da shekaru, ko da ba a taɓa yin gobara ba. Ginin NECOM na Legas mai hawa 32 ya yi gobara a 1983, Cocoa House ta yi tata a 1985. A London ma, gobarar Grenfell ta 2017 ta ci mutum 72 a bene mai hawa 24, saboda abin da aka lulluɓe bangon waje da shi ya kama wuta. Na tambayi Alhaji wa zai riƙa gwada famfon gobara bayan shekara goma sha biyar, lokacin da ginin ya koma hannun magada. Bai ji daɗin tambayar ba, amma bai ce ƙarya na yi ba.

Tsakar gidan maƙwabta

Abin da ya ƙarasa shawo kansa bai fito daga cikin lissafinmu ba. Labarin bene ya bazu a unguwa, sai mai unguwa ya zo da dattawa biyu. Bayan doguwar gaisuwa, ɗayansu ya ce, "Alhaji, mun ji alherin da za ka kawo muna, Allah shi ƙara arziki. Sai dai iyalinmu tsakar gida suka wuni. Nan suka daka, nan suka wanki, nan suka shan iska da dare in zahi ya yi. In anka yi tagogi bisa kanmu, ina za su shiga?"

Babu manhajar kwamfutar da za ta nuna maka wannan. Gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama, katanga da zaure ne sirrinsa, kuma an gina shi ne bisa yardar cewa ba mai leƙowa daga sama sai tsuntsu. Mai zanenmu ta riga ta ɗaga maganar tun farko, ba a saurare ta sosai ba. Ranar nan Alhaji ya juya ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, ashe ke kin gani."

Zanen da aka tsaya a kai

Gini uku aka yi maimakon ɗaya. Babban yana da hawa 7, faɗin mita 14, tsawon mita 48, an shimfiɗa shi daga gabas zuwa yamma yadda dogayen fuskokinsa ke kallon kudu da arewa. Sauran biyun masu hawa huɗu-huɗu ne, sun kewaye fili a tsakiya mai inuwa da bishiyoyi. Da aka auna wurin da za a iya bayarwa haya, bambancinsa da na hawa 16 bai taka kara ya karya ba, don yanzu cibiya ba ta cin wuri sosai. Lifta biyu suka wadatar. Hawa na ƙarshe bai kai mita 30 ba. Nauyi kuma ya bazu, har aka iya zaunar da babban ginin a kan tabarmar kankare guda mai kauri ba tare da turaku ba.

Faɗin mita 14 da gangan aka zaɓe shi. Hasken taga yakan shiga ɗaki kamar ninki biyu na tsayin tagar daga ƙasa, saboda haka in akwai taga ta kowane gefe, yawancin ofis ba ya buƙatar ƙwan lantarki da rana, kuma in an buɗe tagogin iska tana ratsawa. Matakala da banɗakuna aka tura ƙarshen gabas da yamma, suka zama garkuwa daga rana. Tagogin da ke kallon gidajen mutane an ɗaga su sama da tsayin mutum, an sa musu faranti a karkace, haske na shiga amma ido ba ya sauka ƙasa. An ware masallaci da wurin alwala a tsakar filin, an kuma juya banɗakuna yadda mai shiga ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, wadda daga nan take gabas maso arewa kaɗan. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma in an manta shi sai an fasa bene kafin a gyara.

Mun duba ginin Eastgate na Harare, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, mai shan sanyin dare ya adana a jikin kankare ya saki da rana. Dabara ce mai kyau, kuma ita ce dai dabarar soron ƙasa na kakanninmu mai kaurin bango. Sai dai Harare a kan tudu take, darenta da sanyi. Daren Afrilu a Kebbi ba shi da sanyin da za a adana. Don haka ba mu yaudari kanmu ba: an sa esi, amma kowane ofis da nasa da mitarsa, wanda ya kunna shi ya biya. Rufin gine-ginen uku da rumfar motoci aka ware wa sola.

Abu ɗaya Alhaji ya kafe a kai. Ofishinsa na hawa na bakwai, a kusurwar yamma mai kallon titi, sai an yi masa gilashi daga ƙasa har silin. Aka yi masa.

Rodi a kan sikelin shinkafa

An samu izinin hukumar tsara birni, an fara aiki, sai abubuwa suka rikice. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka rufe iyaka, abin da ya taɓa kasuwar duk mai harka ta Kamba, garin da ke bakin iyakar. Lifta da esi da kayan sola duk da dala ake sayensu. Da hawa 16 muka fara, ina kyautata zaton yau kwarangwal ne tsaye a bakin titi, jemagu na kwana a ciki. Da yake gini uku ne, sai aka dakatar da ɗaya daga cikin ƙananan, aka mai da ƙarfi kan sauran.

Irin wannan lokaci ne ɗan kwangila ke fara neman inda zai rage zafi, kuma wurin da ido ba ya gani yake nema. Wata rana aka sauke rodi mai milimita 16, na ɗaga ɗaya na ji hannuna bai yarda ba. Rodi mai wannan kauri, kowace mita tana da nauyin kilo 1.58, wato sanda mai mita 12 ta kai kilo 19. Babu sikeli a wurin, sai na aika sito aka ɗauko wanda ake auna buhunan shinkafa. Sanda bayan sanda, kilo 15 da ɗan wani abu. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfen babu shi, alhali an biya kuɗinsa cif. Alhaji, wanda ya yi rayuwarsa yana faɗa da masu tauye mudu, bai buƙaci dogon bayani ba. Aka mayar da lodin, sikelin kuma ya zauna a wurin har aka gama aiki.

Na kankare ya fi wannan ciwo, kuma akwai laifina a ciki. Muna zuba ginshiƙan hawa na biyu a tsakiyar bazara, na tafi wani aiki na bar mataimakina. Da rana ta take, kwaɓin ya fara ƙamewa tun a baro, lebura suka fara kuka, fomen ya ce a ƙara ruwa ya yi laushi. Ruwan da ya wuce kima shi ne babban makashin kankare, domin in ya bushe yakan bar ƙananan ramuka a ciki. A ido ba ka ganin komai, ginshiƙi sumul. Amma muna ɗibar samfuri a duk zubi, 'yan curi masu milimita 150 ta kowane gefe, a jiƙa su a ruwa, a kai ɗakin gwaji a matse su da inji a kwana 7 da kwana 28. Na kwana 7 ya fito da rauni, muka ce a jira. Na kwana 28 ya ba da 19 a inda lissafi ke neman 30.

Ginshiƙi huɗu abin ya shafa. Ɗan kwangila ya kawo duk hujjar da ake kawowa: wai samfurin ne ba a jiƙa da kyau ba, wai kankare yana ƙara ƙarfi da shekaru, wai ya yi gine-gine da yawa ba wanda ya faɗi. Muka sa aka huda ginshiƙan kansu aka ciro samfuri, sakamakon bai canza ba. Ya same ni a gefe ya ce, "Injiniya, don Allah a rufa wa juna asiri, kai ma fa ba ka nan ranar." Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin rahoton da na rubuta wa Alhaji na sa wannan a sakin layi na farko. Lokacin ba a daɗe da ganin abin da ya faru a unguwar Ikoyi ta Legas ba, inda bene mai hawa 21 da ake ginawa ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40 har da mai ginin. Aka tokare dekin da ƙarafa, aka fasa ginshiƙan huɗu aka sake zubawa. Mun yi asarar kusan wata guda.

Daga nan aka sauya tsari. Zubin kankare ya koma bayan isha'i zuwa asuba. Aka yi wa tsakuwa da yashi rumfa, ana yayyafa wa tsakuwar ruwa, aka sayo sinadarin da ke sa kwaɓi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, aka kuma ɗaure bokitin awo ɗaya tak a jikin injin kwaɓi. Duk abin da aka zuba sai a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara na aƙalla kwana 7. Buhu dai ba mu saya ba, sito cike yake da shi.

Bayan an shiga

Babban ginin da ƙarami ɗaya sun kammala, mutane sun shiga. Hawan ƙasa da na ɗaya tun kafin a yi fenti aka kama su. Na biyu zuwa na huɗu sun cika a hankali: lauyoyi, masu harkar inshora, wata ƙungiyar agaji, kamfanin kayan noma. Na biyar da na shida har yanzu rabinsu a rufe. Dillalin da ke nemo masu haya ya ce da zarar ya ambaci hawa na shida, tambayar farko ita ce, in lifta ta tsaya fa? Ba su yi ƙarya ba. Akwai batirin da ke sauke ta zuwa hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa in wuta ta ɗauke, amma ranar da wani allon lantarki ya ƙone a ɗaya daga cikinsu, sai da aka yi mako uku ana jiran kayan gyara da mai gyaran daga wani gari. Da a Legas ne, hawan sama shi ya fi tsada. A nan sai da aka rage masa kuɗi.

Da yake a Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wutar rukunin farko, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, masu hayar da ke buɗe taga da safe su kunna fanka sun ga amfanin faɗin mita 14 a aljihunsu.

Mu ma mun yi namu kuskuren a zane. Mun sa bulo mai huji a bangon matakalar gabas don iska ta riƙa shiga, muka manta cewa hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu matakalar nan sai ka rubuta sunanka a ƙura, mai shara yana gamawa tana dawowa. An toshe rabin hujin da raga, abin ya ragu, bai tafi ba. Sola ma ƙura tana rage mata ƙarfi sosai, kuma ba mu kai famfon ruwa rufin ba, sai daga baya aka ja bututu ta waje, yana nan yana ɓata fuskar bango. Ofishin Alhaji mai gilashi kuwa, esi biyu ke ciki da labule mai kauri da ba a ɗagawa. Daga azahar yakan sauko ya zauna a benci a tsakar fili kusa da masallaci, a nan yake ganin baƙinsa.

Kwanakin baya na je duba wata 'yar tsaga a filasta, wadda ta zama ba komai ba ce. Da na hau rufi sai na tarar an fasa kan ginshiƙai biyu an tono rodin. Maigadi ya ce wani birkila ne Alhaji ya turo ya duba ko za a iya ɗorawa. Na sauko na same shi a bencinsa.

"Ranka ya daɗe, na ga an taɓa rufi."

"Dubawa kawai anka yi, Injiniya. Hawa ukku dai. In ya kai goma, ai ya shiga lissahi."

Na tuna masa cewa tabarmar kankaren da ke ƙasa hawa 7 aka lissafa mata, yumɓun nan kuma yana nan inda muka bar shi, ga hawa na biyar da na shida ba su cika ba, ga ginin na uku ko rufi bai samu ba. Ya ce ya ji. Washegari na rubuta wasiƙa, na bayyana iyakar nauyin da harsashin zai ɗauka, na ce duk ƙarin da aka yi ba da yawuna ba ne, na buga hatimina na COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, na kai masa kwafi, na ba mai zane kwafi, na ajiye ɗaya. Ya karanta, ya ninke ta ya sa a aljihun babbar riga, ya ce a turo mai gyara ya rufe kan ginshiƙan kafin ruwan farko ya sauka, kada rodin ya yi tsatsa. Na tura an rufe. Birkilan da ya je aikin ya gaya mini cewa Alhaji ya ce masa kada ya zuba da kauri sosai.